FASHIN BAƘI: Shago ko intanet, ina mai babur zai sayi kayansa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

A manyan birane, sayen hular kwano, taya ko fulogi a shago ko ta intanet magana ce ta farashi. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuwa, kafin a zo kan farashi sai an amsa tambaya biyu: akwai sabis na waya, kuma hanya tana biyuwa?

Ba zancen zato ba ne. A ƙarshen Agustan 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sanya hannu kan dokar daƙile matsalar tsaro. Dokar ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta karkatar da su ta Funtuwa, ta hana sayar da fetur a jarka da hawan mutum uku a kan babur, ta kuma dakatar da cinikin babura na hannu a kasuwar Charanchi. A Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, kuma sai a Disamba aka fara maido su. Hujjar gwamnati sananniya ce: babur shi ne abin hawan ’yan bindiga, a kansa suka zo ranar 11 ga Disamba, 2020, suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Sai dai babur ɗin nan shi ne kuma motar asibitin mai naƙuda, shi ke kai buhun masara kasuwa. A watannin nan, duk wanda cinikinsa ya dogara ga waya ya tsaya cik, mai shago kuwa yana buɗe ƙofarsa.

Ko da sabis, abin da ake kira sayayya ta intanet a nan ya bambanta da na Legas ko Abuja. Galibi mai kaya ne a Facebook ko WhatsApp, yana zaune Kano, Legas ko Nnewi. Za a tura masa kuɗi tukuna, shi kuma ya ba direba a tasha, a je Funtuwa ko Malumfashi a karɓo. Idan aka haɗa kuɗin aike da na zuwa karɓowa, ga kasadar hanya, rangwamen da aka gani a allon waya sau da yawa ya narke. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu ikon dubawa ba kafin a kawo, idan suka saɓa da abin da aka tallata. Amma wa za a mayar wa, alhali duk abin da aka sani game da mai kayan lambar waya ce da lambar asusu?

Wannan bai wanke shago ba. Jabun fulogi da tayar da ta daɗe a ajiye suna nan a kan kanta. Bambancin shi ne mai shago yana da fuska da unguwa. Ana iya zuwa da bakanike, a ɗora tsohon kayan kusa da sabon, a koma gobe idan bai yi ba, wani lokaci ma a karɓa bashi zuwa ranar kasuwa.

Inda shago ya fi nisa shi ne hular kwano. Abin da ke kare kai ba ƙyallin bayanta ba ne, farin soso ne mai tauri da ke ciki, wanda ke lotsewa ya shanye bugu, kuma sau ɗaya yake wannan aiki. Hoto ba ya nuna kaurinsa, ba ya nuna ko hular ta sha faɗuwa, ba ya nuna ko za ta kama kai ko za ta riƙa juyawa. Tambarin DOT ko ECE da ake liƙawa ma ba shi da wuyar bugawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano na iya rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da kashi 74 cikin 100, amma da sharaɗin an saka ta daidai, an ɗaure. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta saka ta a Janairun 2009, an ga ’yan acaɓa a Kano da ƙorai a ka. Aka yi ta dariya, amma hular roba marar soso ba ta fi ƙwarya da komai ba.

Ribar waya tana wani wuri dabam. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin kayan Boxer da sauran baburan da ake shigowa da su bai zauna wuri ɗaya ba. Matashin da ya duba nawa ake sayar da taya a Kano da safe, ya shiga shago a Faskari da hantsi, ba zai yi ciniki a makance ba, muddin dai ranar akwai sabis.