Kafin silima: yadda Turawa suka riƙa yawon duniya daga kan kujera

Tun kafin a ƙirƙiro silima, ma'aikacin Landan da bai taɓa hawa jirgin ruwa ba yana iya biyan kuɗin ƙofa, ya kalli wani birni mai nisa, ya koma gida kafin dare.

Wani mai zane ɗan ƙasar Ailan, Robert Barker, shi ya yi rajistar dabarar a 1787. Zane ne guda da ya zagaye ɗaki baki ɗaya, mai kallo na tsaye a tsakiya, haske na sauka daga sama, an kuma ɓoye bakin zanen yadda ido ba zai gane inda ya ƙare ba. Shi ne aka kira panorama. A 1822 Louis Daguerre ya buɗe nasa salon a Paris, inda ake sarrafa haske ta gaba da ta bayan ƙyalle har rana ta rikiɗe ta zama dare. A Jamus kuwa, August Fuhrmann ya kafa Kaiserpanorama: mutum 25 ne ke zagaye wani katafaren akwatin katako, kowa na leƙe ta gilashi biyu, hotuna na wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai wanda ya zaɓi hoton shi ke yanke wace duniya za a gani. A baje-kolin duniya na birnin Ghent a 1913, an nuna zanen Kwango mai tsawon mita 115, aikin Paul Mathieu da Alfred Bastien, ɗauke da kogi da kasuwa da layin dogo. Shekara biyar kacal ke nan da gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannun Sarki Leopold na Biyu, bayan duniya ta ji labarin azabar tara roba. Babu wurin guntulallun hannaye a wannan zane.

Waɗannan hannaye wata na'urar ce ta nuna su. Alice Seeley Harris, 'yar mishan daga Ingila, ta ɗauki hotunan waɗanda aka yanke wa gaɓoɓi a Kwango, aka riƙa haska su da fitilar majigi a majami'u da zauruka na Birtaniya da Amurka. Hasken da ke nishaɗantar da jama'a shi ya taimaka wajen tunzura su.

Ita kanta kalmar majigi daga sunan Ingilishi na wannan fitila ta samo asali. A Arewacin Najeriya sunan ya koma kan motar silima ta gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke bin garuruwa da ƙauyuka tana nuna finafinan tsafta, noma da ayyukan hukuma, kyauta, sau da yawa a ƙofar fada, mai sharhi yana fassara wa jama'a abin da hukuma ke so su gani.