Bugun Zuciyar Da Ba Ya Canzawa Ba Shi Ne Lafiya Ba



Da yawa daga cikinmu na ɗauka cewa zuciya mai lafiya ita ce mai bugawa kamar agogon bango, tik-tik, ba ƙari ba ragi. To, likitocin zuciya sun gano akasin haka. Zuciya mai lafiya kullum tana cikin ɗan canja taku, wadda ta daina canjawa kuwa ita ce abin tsoro. Ɗalibin Larabci ba zai yi mamaki ba, domin kalmar ƙalb da kalmar taƙallub, wato jujjuyawa, daga tushe ɗaya suka fito. Tun zamanin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, likitoci ke ɗora yatsa a wuyan hannu suna karanta bugun jini. Amma auna wannan ɗan bambanci da lissafi, abu ne na zamaninmu.

Mene ne bambancin? Baligi in yana zaune a natse, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Mu ɗauka sau 60 ne. Wannan ba ya nufin ana bugu ɗaya a kowane sakan cif-cif. Tsakanin wannan bugu da na gaba a samu sakan ɗaya da ɗan ɗoriya, na gabansa kuma ya gaza sakan kaɗan. Ana auna tazarar da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kana iya jarrabawa yanzu: ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ja numfashi a hankali, sannan ka sake shi a hankali. In ka natsu za ka ji bugun na ɗan sauri lokacin jan iska, yana lafawa lokacin fitar da ita. A jikin yara da samari abin ya fi fitowa fili. Wani masani Bajamushe, Carl Ludwig, ya zana wannan a takarda tun 1847.

Daga ina canjin yake zuwa? A saman zuciya, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta da ke kunna kowane bugu. In aka bar shi shi kaɗai, zai yi ta bugawa kusan sau 100 a minti. Amma ba a bar shi ba. Jijiyoyi iri biyu ne ke riƙe da shi, kamar yadda mahayi ke tafiyar da doki da linzami da ƙaimi. Ƙaimin shi ne jijiyoyin da ke zaburar da jiki lokacin tsoro, fushi, gudu ko ɗaukar kaya. Linzamin kuwa wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa ƙirji da ciki, wadda a Larabci ake kira al-asabul ha'ir, mai yawo. Ita ke rage gudu, kuma tana aiki nan take, daga bugu zuwa bugu. Saboda haka yawan bambancin tazara alama ce ta cewa linzami na hannu. In bambancin ya ɓace, ko dai linzamin ya saki, ko ƙaimi ya yi yawa. Shaida a kan haka: wanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyoyin nan, sabuwar zuciyarsa na bugawa da sauri kuma kusan ba canji.

Mutumin da ya nuna wa duniya nauyin wannan magana shi ne Dakta Robert Kleiger, likitan zuciya a birnin St. Louis na Amurka. Shi da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 808 da suka tsira daga toshewar jijiyar zuciya. Kowannensu an rataya masa wata 'yar na'ura mai suna Holter, wadda ke rubuta bugun zuciya na awa 24, kusan bugu 100,000 ke nan ga mutum guda. Daga nan suka lissafa yadda tazarar ke bambanta, suka ci gaba da bibiyar mutanen kimanin wata 31. Sakamakon da suka buga a 1987 ya nuna cewa waɗanda bambancinsu bai kai milisakan 50 ba, haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka haura milisakan 100 har sau 5.3. A 1996 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai da wata takwararta ta Arewacin Amurka suka fitar da ƙa'idojin awon, don kowa ya auna da mudu ɗaya.

Tun kafin Kleiger, wasu sun ga alamar a wani wuri. A shekarun 1960 Dakta Edward Hon ya lura cewa jaririn da ya shiga wahala a ciki, tazarar bugun zuciyarsa kan canja kama. Shi ya sa a ɗakin haihuwa ake ɗaura wa mai naƙuda ɗamara mai zana bugun jariri, kuma in layin ya miƙe shar ba ɗan hawa da sauka, ungozoma ba ta zama. A shekarun 1970 kuma Dakta David Ewing na birnin Edinbara ya tsara gwaje-gwaje masu sauƙi, kamar jan dogon numfashi da miƙewa tsaye, don gano masu ciwon sukari da cutar ta cinye musu waɗannan jijiyoyi.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Aljeriya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 da 2017 ya nuna kusan kashi 14 cikin ɗari na manya na da ciwon sukari, kusan kashi 24 kuma na da hawan jini. Mu kuwa mun san irin sukarin da muke zubawa a butar shayi, kofi uku bayan kowane abinci. Sukari in ya daɗe yana hawa, yana lalata jijiyoyi a ɓoye. Mai irin wannan matsala zai ga zuciyarsa na gudu ko yana kwance, jiri na ɗibarsa in ya miƙe daga zaune ko daga sujada. Mafi muni, jijiyar zuciyarsa na iya toshewa bai ji ciwon ƙirji ba, sai dai zufa, kasala da sarƙewar numfashi. Sai a ce ai gajiya ce, alhali lokaci na ƙurewa.

Haka nan zuciyar da ta raunana tana bugawa da sauri, bambancinta ya ragu. A Zariya, a shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun yi rubutu a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya ci gaba da binciken cutar, har ya jawo hankali ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jikin matan. Don haka mai jego da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya rigingine, asibiti za a kai ta a ranar.

Sai dai a yi hattara, ba kowane canjin bugu ne alheri ba. Canji mai kyau yana tafiya a tsare, yana bin numfashi. Akwai kuma bugu mai hargitsi, ba kai ba gindi, kamar makiɗin da ya rikice. Wannan na iya zama karkarwar ɗakunan sama na zuciya, cutar da ke sa jini ya daskare a ciki, tana kuma ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Wanda ya ji haka ya nemi a yi masa zanen bugun zuciya, wanda a asibitocin nan ake ce wa ECG. Samarinmu masu agogon hannu mai nuna lamba su ma su sani: lambar na raguwa da shekaru, tana sauka in ba a yi barci ba ko ana zazzaɓi. Ka gwada ta yau da taka ta makon jiya, kada ka gwada da ta abokinka. Agogo ba likita ba ne.

Me ke ƙara wa linzamin ƙarfi? Tafiya a ƙasa da ɗan hanzari, kamar minti 30 a yawancin ranakun mako. Isasshen barci. Barin taba. Rage sukari, gishiri da kanwa. Numfashi a natse, kamar sau shida a minti, shi ma yana faɗaɗa bambancin a lokacin da ake yin sa. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na sukari kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi, kuma ya ga likitansa kafin watan azumi a daidaita masa lokutan sha. Duk wanda ya haura shekara 40 ya riƙa auna hawan jini da sukari ko da yana jin garau, domin rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare masu ita. Wassalamu alaikum.