TSEREN TSOFAFFIN MOTOCI: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kaduna da Kafanchan a cikin shekarun 1970 da 1980 ya san Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Ita ce ke tashi daga tasha da sassafe maƙil da fasinja, ta bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, ta sauke su, ta juyo kafin rana ta faɗi. Ƙanwarta a-kori-kura kuwa ita ke kwaso buhunan citta daga ƙauyukan Kwoi da Kachia zuwa kasuwa. A yau da yawa daga cikin waɗannan motoci suna jibge a bayan gareji, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, ana jiran mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya yanka su, ya auna a sikeli.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, irin wannan mota da muke sayarwa a kan kuɗin ƙarfe, a wasu ƙasashe neman ta ake yi ruwa a jallo domin shiga tseren tsofaffin motoci. Masu wannan wasa galibinsu ba ƙwararrun direbobin kamfani ba ne. Likitoci ne da manoma da 'yan kasuwa da kanikawa, waɗanda ke sayen tsohuwar mota da kuɗin aljihunsu, su gyara ta da hannunsu, su fita da ita sau biyu ko uku a shekara. A bisa ƙa'idar ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, watau FIVA, sai mota ta cika shekara 30 kafin a lasafta ta cikin motocin tarihi.

TA YI SUNA A FAGEN TSERE

An fito da 504 a Faransa cikin 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969. A cikin 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, inda aka ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006, alhali kuwa Faransa ta daina ƙera ƙaramarta tun 1983. A wannan shekara ta 1975 ɗin ce Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da 504, Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita, Bernard Consten kuma ya ci na Bandama a Kwaddebuwa. Wannan tsere na Bandama ba wasan yara ba ne, domin a cikin 1972 ko mota guda ba ta kai ƙarshensa ba.

Mu ma nan Arewa ƙurar irin wannan tsere ta taɓa tashi a ƙofarmu. A watan Mayu na 1974 motoci da dama suka taso daga Landan za su Munik ta Jamus, amma aka zagaya da hanyar ta cikin hamadar Sahara, aka sa Kano ta zama iyakarta ta kudu. Yawancinsu suka ɓata ko suka lalace tun a Aljeriya, har da motar shahararren direban nan na Ingila, Stirling Moss. Guda 19 kaɗai suka isa Munik. Wasu mutanen Ostireliya ne suka yi na ɗaya da Citroën DS, amma na biyu da na uku da na huɗu duka Peugeot 504 ne, kuma mata biyu 'yan Faransa ne ke cikin wadda ta zo ta biyu. Haka nan bikin kamun kifi na Argungu ya shahara da tseren motoci, wanda aka farfaɗo da shi a 2020 daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka harhaɗa a ƙasar nan.

Mutanen Kenya ba su bari tarihinsu ya tafi a banza ba. A cikin 2003, da tseren Safari ya cika shekara 50, sai suka ƙirƙiro wani na tsofaffin motoci zalla, wanda ake yin kwana da kwanaki ana fafatawa a kan hanyoyin ƙasa. Masu shirya tseren Dakar su ma sun buɗe rukunin tsofaffin motoci a Saudiyya cikin 2021. A wannan rukuni ba wanda ya fi gudu ake nema ba. Ana yanka wa direba saurin da zai riƙe, wanda ya fi kiyaye lokaci shi ne gwani.

AIKIN YANA GAREJI

Mai kallo yana ganin ƙura da ƙara na 'yan kwanaki, sai ya ɗauka a nan aka ci tsere. Masu abin sun san ba haka ba ne. Kamar yadda mai dokin sukuwa ke cin nasara tun a barga, haka mai tsohuwar mota ke cin tasa a cikin watannin da ke tsakanin wannan tsere da na gaba.

Abu na farko bayan an dawo gida shi ne wanka. Ana wanke motar ciki da bai, musamman ƙarƙashinta, domin laka na ɓoye tsaga. Sa'an nan a ɗaga ta, a bi ƙarafan gindinta da fitila ɗaya bayan ɗaya, a duba wurin da shoka ke zama da inda injin ke ɗaure, domin nan ne gargada ke fara tsaga ƙarfe. Ƙarfen da ya shekara 40 yana aiki ya gaji, kuma tsagar da ba ta fi silin gashi ba a gareji ita ce ke karya mota a daji.

Daga nan sai injin. Bakanike mai hankali ba ya kwance shi kai tsaye. Yakan fara auna matsin iskar kowace silinda, in ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100, ya san rin ko bawul ko gaskit ya ba da kai. Yakan juye baƙin mai ya duba ko da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Yakan cire fulogi ya karanta launinsa: in ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan kuma injin na ƙuna, in ya yi ruwan ƙasa, to, an dace. Injin 504 mai cc 1971 yana da wata baiwa, watau rigunan silindarsa cirewa ake yi. In sun cinye sai a zare su a sa sababbi tare da fistin, ba sai an kai gangar injin wurin masu rarakewa ba. Tazarar bawul kuwa, idan injin ya huce, milimita 0.10 ce ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi.

Kafireto shi ne inda gwaninta ke bayyana, kuma a nan yanayin ƙasarmu yana da ta cewa. Kafanchan tana bisa tudu na kimanin mita 700 daga doron teku, Jos kuwa wajen mita 1,200. Gwargwadon hawa, gwargwadon raguwar iska, har injin yakan yi asarar kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Saboda haka motar da aka saita a Legas, in ta hau Filato sai ta riƙa shan mai fiye da iskar da take samu, ta yi baƙin hayaƙi, ta yi nauyi a kan hawa. Maganin wannan shi ne a rage girman ƙofar mai ta cikin kafireto kafin a tafi, a mayar da ita in an sauko. Lokacin hunturu kuma matatar iska ce abin lura, domin ƙurar da ta kuɓuce mata tana cin silinda kamar sabulu a ruwa.

Akwai wata al'ada ta garejinmu da mai shirin tsere ya kamata ya guje mata, watau cire makullin zafi na ruwan injin a jefar, wai don kada mota ta yi zafi. Wannan ɓoye cuta ne kawai. Abin da ya dace shi ne a wanke lagireto, a canja tsofaffin tiyo da fanbel, a tabbata murfin lagireton yana riƙe matsi. Haka nan man birki yana tsotsar laima daga iska, in ya daɗe sai ya tafasa a kan gangara mai tsawo, direba ya taka ya ji wayam. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ya san ma'anar wannan. Shi ya sa ake zubar da shi a sa sabo kafin kowane tsere.

Babbar ƙa'ida a cikin wannan aiki duka ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya taɓa kafireto da lokacin wuta da iskar taya a rana guda, in motar ta gyaru bai san dalili ba, in ta ɓaci ma haka. Littafin da ake rubuta kowane canji a ciki ya fi kowane sifana daraja. Kuma masu hankali ba su cika neman ƙarin gudu ga tsohon injin ba, sun fi neman ya kai ƙarshe lafiya, domin motar da ta tsaya a hanya ba ta da lamba.

RAI YA FI KOFI

Tilas a bambanta wannan wasa da gangancin da wasu samari ke yi a titunan gari ranar ɗaurin aure, wanda ya sha jawo asarar rayuka. Motar tsere ta gaskiya ana walda mata kejin bututun ƙarfe a ciki domin ko ta kife rufin ba zai danne mutum ba. Ana sa mata faranti a ƙarƙashin injin saboda duwatsu, da bel mai riƙe kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da ke yanke wutar batir gaba ɗaya. Direba da mai karanta masa hanya kowa da hular kwano. Kafin a tashi alƙalai na bincika kowace mota, wadda ta gaza a mayar da ita gida. A Nijeriya ƙungiyar ATCN ce ke wakiltar hukumar tseren motoci ta duniya, watau FIA, kuma ba a shirya irin wannan taro a kan hanyar jama'a sai da yardar 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra.

ABIN DA MUKE SHIRIN RASAWA

Kudancin Kaduna yana da abubuwa uku da mai wannan wasa ke nema. Akwai motocin, ko da yake kullum raguwa suke yi. Akwai ƙasar: duwatsun Kagoro, da magangarar ruwa ta Matsirga, da hanyar Manchok mai hawa zuwa Filato. Akwai kuma kanikawa. Kafanchan gari ne da ya tashi a kan aikin ƙarfe tun da layin dogo ya mai da ita mahaɗa a 1927, kuma dattawan da suka shekara talatin suna kwance injin Fijo suna ɗaurawa, suna saita kafireto da kunne, har yanzu wasunsu na raye. Amma yaran garejin yau motocin zamani masu kwamfuta suke koyo, kuma ba laifinsu ba ne, can abinci yake. In dattawan nan suka kau, ilmin ya bi su.

Ba sai an gina filin tsere na miliyoyin naira ba. Tseren kiyaye lokaci, wanda a ƙasashe da yawa ba a wuce matsakaicin saurin kilomita 50 a sa'a, ba ya bukatar komai illa mota mai lafiya da agogo da izinin hukuma. Ana iya haɗa shi da bikin Afan na Kagoro, wanda ke tara dubban baƙi kowace ranar 1 ga Janairu. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi da makarantun koyon sana'a su ne suka fi dacewa su fara wannan magana, masu hali kuma su ɗauki nauyin mota guda guda, da sharaɗin kowane dattijon bakanike ya yi aikin tare da yara biyu ko uku.

Kafin a kai ga haka, muna kira ga duk mai tsohuwar Fijo a bayan gida da ya dakata da kiran mai sikeli. Ya ɗaga ta a kan duwatsu, ya rufe ta daga ruwan sama, ya riƙa juya injin lokaci lokaci don kada ya kama. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.