Kafin A Ɗaura Wa A-Kori-Kura Tirela

'Yan'uwa fatake, tun bayan zamanmu na Bariénou ake ta aiko mana da tambaya guda: shin a-kori-kura za ta iya jan ƙaramar tirela, wadda direbobin nan ke kira remok, a kwashi shanu daga kara a kai Parakou ba sai an jira gingimari ta cika ba? Amsa ita ce za ta iya, amma fa da sharaɗi. To ga abin da ya kamata a sani kafin a saki kuɗi.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ja, yana nan a littafinta. Toyota Hilux ƙirar 2015 zuwa sama, wasunsu na jan kilo 3,500. Waɗanda suka gabace su, irin da suka fi yawa a hannunmu, galibi wajen kilo 2,500 ne. Kuma wannan lissafi na tirela mai birkin kanta ne. In ba ta da birki, kilo 750 ne iyaka, ko da motar jiya aka sauke ta a Kwatano. Tsohuwar Pijo 504 kuwa, a bar ta da abin da ta ɗauka a bayanta, ta yi mana aiki isasshe.

Mu yi lissafin a fili. A ce tirela ba kaya kilo 900 ce. An zuba bijimai shida fararen Fulani, kowane kilo 350, ya zama 2,100. An haɗa, 3,000 ke nan. Kun ga mai tsohuwar Hilux ya wuce iyaka da rabin tan tun bai tada inji ba. Da shanun Borgu ne ko ƙananan Somba da sauƙi, amma ai mun san kanmu: in wuri ya rage sai an cusa wata karsana, ga yara masu rakiya, ga jarkokin ruwa da buhun dusa a bayan mota. Duk wannan yana cikin lissafi, domin akwai iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Sai maganar maɗauri, inda aka fi yin ɓarna. Wanda aka fi sani shi ne ƙwallon ƙarfe a bayan mota. Na Turai milimita 50 ne. Motocin Amurka kuwa da inci suke zuwa: akwai na inci 2, akwai ƙarami mai wajen milimita 48, akwai babba mai wajen 59. A ido kusan duk ɗaya ne. In bakin tirela ya fi ƙwallon girma, zai zauna kamar ya kama, sai an faɗa rami ya fice. A gwada da ma'auni, kada a ce "ai ya shiga". Kuma lalle ƙarfen ya kamu da shasi da kusoshinsa. Ƙwallon da mai walda ya liƙa a bamba ba maɗauri ba ne. In mota na jan 3,500 amma maɗaurin na 1,500 ne, to 1,500 ɗin shi ne ƙarfinka.

Ga masu shiga ƙauyuka ta hanyar burji, mu a ganinmu ƙugiya da zobe ta fi. Tana da ƙara, tana fizga, amma tana jure kwazazzabo. Akwai kuma wanda ake dasa ƙwallon a tsakiyar bodi, daidai kan tayun baya. Shi ya fi zama daram, sai dai ya cinye wurin kaya, kuma manyan motocin Amurka ya fi dacewa da su.

Nauyin da tirela ke dannawa a kan maɗauri ya zama wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta, muddin bai wuce abin da aka rubuta wa maɗaurin ba. Ya yi yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ya yi kaɗan, tirela ta dinga wutsiya har ta juya motar. A nan ne dabba ta bambanta da buhun masara: buhu inda aka aje shi nan yake, sa kuwa in aka taka birki gaba zai yi, a kwana ya jingina gefe. Don haka a sa shinge a tsakiya, manya a gaba kan tayu, ƙanana a baya, a zuba yashi ko ciyawa a ƙasa saboda santsin kashi.

Daga Djougou zuwa Parakou ya ɗara kilomita 130, masu zarcewa Nikki su ƙetara Chikanda kuwa tafiyarsu ta fi haka nisa. A gangare a sauko da giya, kada a dogara da birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana a gicciye su ƙarƙashin maɗauri. Fitilun baya su yi aiki, takardun tirela su zama a hannu tare da na allurar dabbobi. Bayan kilomita 20 na farko a tsaya, a taɓa tayu a ji zafinsu, a duba maɗauri, a leƙa ko wani sa ya kwanta.