Takunkumin tattalin arziki: shiga jeri dare ɗaya, fita sai an shekara

Mu a Nijar ba sai an fassara mana kalmar takunkumi ba. Daga ran 30 ga watan Yuli na 2023 zuwa ran 24 ga watan Fabrairu na 2024 mun ga yadda CEDEAO ta rufe iyakoki, Nijeriya ta katse lantarki, aka riƙe kuɗin gwamnati a bankin BCEAO. Wancan ya hau kan ƙasa baki ɗaya ne, kuma taron shugabanni ya ɗage shi a zama guda. Akwai wani irin da ke hawa kan mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, da sunansa da ranar haihuwarsa, shi muke so mu duba a yau.

A Amurka wani ofishi na ma'aikatar kuɗi mai suna OFAC ne ke riƙe da jerin. Wanda sunansa ya shiga, ana daskarar da duk dukiyarsa da ke hannun Amurkawa, kuma an haramta musu ciniki da shi. Wani zai ce to ina ruwan mai shago a Maraɗi ko Damagaram? Ai kuɗin da aka aika da dalar Amurka, ko da daga Yamai zuwa Dubai ne, galibi sai ya ratsa ta wani banki a New York. Don haka bankunan duniya ke tace sunayen masu hulɗa da su da wannan jeri, tsoron kada a ci su tara ko a yanke su daga dala. Kamfanin da mai laifin ya mallaki rabinsa ko fiye, shi ma ya shiga ciki ko ba a rubuta sunansa ba.

Duk wanda ya taɓa cin biskit ɗin NASCO ya san kayan Ahmed Idris Nasreddin, ɗan asalin Eritiriya wanda ya kafa masana'antarsa a Jos a 1963. A watan Afrilu na 2002, watanni bakwai bayan harin 11 ga Satumba, Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya suka saka shi a jerin waɗanda ake zargi da ba Alƙa'ida kuɗi, saboda alaƙarsa da bankin Al Taqwa. Daga baya aka ƙara da kamfanoninsa na Italiya da Turkiyya da Maroko. Sai a watan Nuwamba na 2007 aka cire shi. Abin da ma'aikatar kuɗin Amurka ta bayyana shi ne ya sa hannu a takardu cewa ya yanke duk wata hulɗa da bankin da kuma abokin kasuwancinsa Youssef Nada, kuma ba zai koma ba. A lura da kyau: ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta ce mutumin ya canza.

Nan ne gaɓar. Dokar Amurka ta ba wanda aka saka damar rubuta wa OFAC takardar neman a sake duba lamarinsa. Ko dai ya nuna tun farko babu hujja, ko an ɗauke shi a matsayin wani, ko kuma yanayin da ya jawo takunkumin ya gushe: ya sayar da kamfanin, ya bar muƙamin, ya rabu da mutanen. Ofishin kan aiko da tambayoyi a rubuce, a amsa, ya sake aiko da wasu. Ƙa'idar ba ta yanke masa ranar da dole ya ba da hukunci ba. Sannan wani sashe na hujjojin sirri ne na jami'an leƙen asiri, lauya ba zai gan shi ba. Mutum yana kare kansa daga zargin da bai karanta duka ba, kuɗinsa kuma a kulle. Idan aka ƙi, zai iya zuwa kotun tarayya, amma alƙalai kan ba gwamnati rinjaye a harkar tsaro.

Shi Youssef Nada, ɗan asalin Masar mai takardun Italiya, ya fi shan wuya. A lokacin yana zaune a Campione, wani ɗan gari na Italiya da ƙasar Suwis ta kewaye shi. Tun da an hana shi ratsa Suwis, sai ya zama kamar ɗaurarre a garin da bai kai murabba'in kilomita 2 ba, ga tsufa ga ciwo. Masu gabatar da ƙara na Suwis sun rufe bincikensu a 2005 ba tare da tuhuma ba, amma sunansa bai fita daga jerin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sai 2009. A 2012 kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce Suwis ta tauye masa haƙƙi. Amurka kuwa sai 2015.

Wanda ya girgiza tsarin shi ne Yassin Kadi, attajirin Jidda, da aka saka a watan Oktoba na 2001. A 2008 kotun ƙoli ta Tarayyar Turai ta ce ba a daskarar da dukiyar mutum ba tare da gaya masa dalili da sauraronsa ba, ko da umurnin daga Kwamitin Sulhu ya fito. Shekara guda bayan haka, ƙuduri mai lamba 1904 ya kafa ofishin mai shiga tsakani, kuma Kimberly Prost ƴar Kanada ta fara riƙe shi a 2010. Tun daga 2011, idan ofishin ya ba da shawarar a cire mutum, sunan yana fita bayan kwana 60, sai in duk membobin kwamiti 15 sun ƙi, ko an kai maganar gaban Kwamitin Sulhu. A ganinmu wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ƙofar ta jerin Alƙa'ida da Da'ish ce kaɗai. Kadi ya fita ta wannan ƙofa a 2012, daga jerin Amurka a 2014, shekara 13 ke nan.

Ƙasashe ma na bin layi. Sudan, inda ƴan uwanmu Hausawa ke da yawa, ta shiga jerin Amurka na ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a 1993, ba ta fita ba sai ran 14 ga watan Disamba na 2020, bayan ta biya diyyar miliyon 335 na dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Abin da ya fi kusa da ƴan kasuwarmu shi ne kamannin suna. Muhammadu da Ibrahim da Abubakar sun cika jerin, rubutunsu da boko kuma iri-iri ne, ga da yawa daga cikinmu takardun haihuwarsu 1 ga Janairu suke ɗauke da shi. Idan banki ya riƙe kuɗin mutum a kan haka, ba takardar neman cirewa zai rubuta ba, tun da ba shi ke cikin jerin ba. Zai kai wa bankin fasfo da takardar rajistar kasuwancinsa, a gwada lambar fasfo da wurin haihuwa da na wanda ake nema. Idan kuɗin an riga an daskarar da su a Amurka, sai a nemi OFAC ta ba da izinin sakinsu. Jerin kansa yana intanet kyauta, kowa na iya duba sunansa ko na wanda zai aika wa kuɗi kafin ya shiga banki.