Makaɗin da ke cikin wayar salula: yadda ake rage masa cin wuta

Duk wanda ya ci kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko ya ratsa ƙauyukan arewacin Adar wajejen Barmu, Afala da Takanamat, ya ga rumfunan masu cajin waya: farantin hasken rana bisa rufi, batir a ƙasa, wayoyi jere bisa tebur. Manomi ko makiyayi ya biya ƴan dalolinsa, ya koma daji yana fatan cajin ya kai shi kasuwa mai zuwa. To, ƴan uwa masu karatu, ina wannan wuta take tafiya? Wani kashi nata yana ƙarewa cikin wani ɗan guntun abu da bai fi farce girma ba, wanda ake kira ma'ajiyar bayanai.

Wannan ma'ajiya, wadda masana ke kira DRAM, injiniya Robert Dennard na kamfanin IBM a Amurka ya ƙago ta, aka ba shi takardar mallakarta a 1968. Cikinta akwai ƴan mitsi-mitsin tuluna dubban miliyoyi, kowane yana riƙe da ɗigon lantarki. Amma tulunan suna yoyo. Dole a riƙa cika su fiye da sau 15 cikin kowane sakan, in ba haka ba abin da aka ajiye ya ɓace.

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai da tsari. Kowa ya san gayya: makaɗi yana buga gangar noma, hauyoyi suna tashi tare, suna sauka tare. Haka ma'ajiyar take da nata makaɗi, wanda ake kira agogo, ko da yake ba ya nuna ƙarfe nawa. Bugun lantarki ne kurum mai zuwa a kai a kai. Na agogon hannu mai batir yana bugawa sau 32 768 cikin sakan. Na ma'ajiyar wayar zamani kuwa ya zarce sau miliyan dubu. Kowane bugu yana ratsa siraran wayoyi zuwa kowane lungu, kuma kowane bugu da wutar da yake ci, ko ana aiki ko ba a yi. Shi makaɗi, ko bai riƙe hauya ba, da shi ake cin tuwon gayya.

Injiniyoyi sun bi hanyoyi huɗu domin rage masa ci.

Ta farko, a sa shi ya yi shiru ga sashen da ba ya aiki: a rufe ƙofar da bugun ke bi, sai an bukace shi a buɗe. Lokacin da waya ke kwance cikin aljihu, ana iya tsaida agogon baki ɗaya, ma'ajiyar ta ci gaba da cika tulunanta da kanta, a hankali.

Ta biyu, a ci amfanin bugu ɗaya sau biyu: a ɗauki bayani yayin ɗaga gula, a sake ɗauka yayin saukarta. Wannan ita ce dabarar DDR, wadda hukumar JEDEC mai daidaita ma'aunin waɗannan kayayyaki ta tabbatar a shekarar 2000.

Ta uku, a rage ƙarfin lantarkin. DDR ta farko tana aiki da bolt 2,5. DDR3 da 1,5. DDR5 ta 2020 da 1,1. Ribar tana da yawa, domin in aka rage ƙarfin da rabi, wutar da bugun ke ci takan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ta huɗu, a raba aikin tsakanin makaɗa biyu. Cikin ma'ajiyar LPDDR5 ta wayoyin hannu, wadda aka fitar a 2019, akwai mai bugu a sannu domin isar da umurni, da mai bugu da sauri wanda ake iya sallama in babu bayanan ɗauka. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Wani zai ce mi ya haɗa Ba'adare da wannan zance? Ƙasarmu ta daɗe da sanin darajar rana: tun 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL, wadda shehun malami Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969, kuma a 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, nan cikin jahar Tawa. Duk da haka, da Nijeriya ta katse mana wuta a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda abin yake. Wutar da aka tattala daidai take da wutar da aka samar.

Don haka muna kira ga ma'aikatan da ke sayen kwamfutoci domin makarantu da gidajen likita na karkara: kada ku dubi sauri da araha kaɗai, ku tambayi wat nawa na'ura ke ci, domin shi ke yanke girman faranti da batir da za a saya. Mai waya kuma ya rage hasken gilashinta, ya kashe intanet in ba ya bukata, ya bar makaɗi ya huta. Allah ya sa mu dace.