Addu'ar da ta dawo mini da barci

A watan Fabrairun 2000, lokacin da rikicin addini ya ɓarke a Kaduna, wuta ta cinye gidan da muke haya. Mun tsira da rayukanmu da tufafin da ke jikinmu, muka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha, a daidai lokacin da garin ke rabuwa biyu, Kiristoci na yin kudu, Musulmi na yin arewa. Ɗakin haya bai yi wuyar samu ba. Barci ne ya gagare ni.

Wata shida ina kwana ina tashi da fuskokin samarin da na gani riƙe da jarkar fetur. Biyu daga cikinsu ni na koya musu lissafi a sakandare. Kowace Lahadi ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da jama'a, amma zuciyata cike take da ƙuduri na ramuwa. Likita ya auna ni ya ce hawan jini ne, alhali ban kai shekara 35 ba.

Mahaifiyata, mutuniyar Wusasa, ita ta gano inda ciwon yake. Ta ce, "Ɗana, kana roƙon Allah salama, amma ka damƙe garwashi a hannu. Ka ambaci sunayen yaran nan a gaban Ubangiji, ka roƙa musu alheri." Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai ta tuna mini cewa a Bisharar Matiyu, sura ta 5, Yesu Almasihu ya umarci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a, kuma Manzo Bulus yana tsare a kurkuku ne ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ke gargaɗinsu su miƙa damuwarsu ga Allah tare da godiya.

Na fara ne don kada in saɓa mata. Da asuba nakan durƙusa na minti 15, in ambaci sunayen nan biyu. Makonnin farko harshe ne kaɗai ke motsi. Sannu a hankali sai na lura da wuya mutum ya daɗe yana roƙa wa wani alheri kuma ya ci gaba da yi masa fatan halaka. Kafin Kirsimetin shekarar barci ya dawo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a yi watsi da neman hakki. Hukunta mai laifi nauyi ne da ke kan hukuma, kuma har gobe ina ganin rashin yin hakan na cikin abin da ya sa aka sake zubar da jini a garin a 2002. Amma da na jingina kwanciyar raina ga ranar da za a yi mini adalci, da har yau idona biyu.

Ɗan'uwa, ko a majami'a kake ibada ko a masallaci, ina yi maka tambayar da mahaifiyata ta tilasta mini amsawa: sunan wa ka kasa ambata a cikin addu'arka?